Injin Niƙa a Tsakiyar Rawaya

Duk sanda Baba Zamani ya kishingiɗa da rana a barandarsa ta Barkin Sale, barci ba ya kai shi ko'ina sai sama. Daga can yake leƙo Minna. Ba ya ganin kwanon rufi mai tsatsa, ba ya ganin kwata ko keke-napep, sai launuka shimfiɗe kamar an shanya atamfa. Rawaya inda mutane ke kwana, ja inda ake ciniki, kore inda aka bar wa itatuwa da iska, shunayya kuma can gefe, inda ƙarfe ke dukan ƙarfe. Layin dogo ya ratsa tsakiya siriri, jirgin yana tafe a kansa ba ko ƙara. A wannan garin nasa kowa ya san wurinsa, har akuya ba ta ƙetare iyaka.

Ba laifinsa ba ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a kudancin Kaduna ya samu aiki a ofishin tsara gari, aikin kuwa shi ne shafa wa taswira launi. Manya su shiga ɗakin taro su yi ta kai ruwa rana, su fito su ce nan gidaje, nan kasuwa, shi kuma ya ɗauki buroshi ya mai da maganarsu rawaya da ja. Har ya yi ritaya hannunsa bai taɓa zarce layi ba, kuma zai gaya maka haka ko ba ka tambaya ba. Kwafin tsohuwar taswirar yana rataye a falonsa cikin gilashi, sama da hoton aurensu ma.

In tsautsayi ya sa baƙo ya tsaya gaban taswirar nan, to shayinsa ya huce ke nan. Baba Zamani zai taso da sandarsa ya fara daga zamanin Turawa, yadda suka ware wa kansu unguwa, suka bar fili fetal tsakaninsu da gari, wai don kada sauro ya tsallaka.

"Sauron da ke bin mutum har cikin coci," in ji shi. "Ba sauro suke gudu ba, mu suke gudu. Wannan kam wulaƙanci ne, ba na kare shi."

Amma sai ya ɗaga yatsa. Shi tsara gari kansa, a cewarsa, ba Bature ne ya ƙirƙiro shi ba. Je ka kowane tsohon birni ka ga inda aka ajiye majema saboda warin fata, ka ga maƙera da unguwarsu, mahauta da tasu. Su ma Turawan, sai da hayaƙin masana'antu ya riƙa sauka a kan abincin 'ya'yansu, wani kuma ya gina bene ya tare wa maƙwabcinsa rana, sannan suka mai da abin doka. Manufar dai ɗaya ce, mai barci ya samu ya yi barci, mai aiki ya samu ya yi aiki, kada wani ya shiga haƙƙin wani. Daga nan sai ya kalli bangon falon na yamma, domin ta wajen ne ƙarar ke shigowa.

Allah da ikonsa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana raba gida da masana'anta, katanga ɗaya ce ta raba shi da injin niƙa.

Mai injin Banufe ne, sunansa Ndakotsu. Ya kama rumfar nan haya tun Rachael, 'yar Baba Zamani tilo, tana rarrafe, ga shi yanzu tana aure a Kaduna da nata 'ya'yan. Gari na wayewa zai ja igiya, injin ya yi tari sau biyu kamar tsoho, sannan ya kama ruri. Kofuna su yi ta rawa a kan tire. Ga kuma ɗabi'ar Ndakotsu ta ƙwanƙwasa bakin injin da guntun ƙarfe don hatsi ya sauka, ƙwan, ƙwan-ƙwan, tun safe har la'asar. A taswira, wurin rawaya ne tas, babu ko ɗigon shunayya.

Shekara da shekaru Baba Zamani yana ƙunƙuni, amma bai taɓa kai ƙara ba, dalili kuwa matarsa Liyatu. Ita ke suyar ƙosai a ƙofar gida, kuma ita ce ta farko a layin injin kowace safiya, da bokitin wakenta shuɗi. In ya fara wa'azin launuka sai ta ajiye masa faranti a gaba.

"Baban Rachael, ƙosan nan da kake lamushewa, taswira ce ta niƙa maka waken?"

Sai ya ci gaba da cin ƙosansa, don ƙosan ya yi daɗi.

Mantuwa ta shigo wa Liyatu a hankali, ba sallama. Yau ta zuba gishiri a shayi, gobe ta tsaya tsakiyar waƙa a taron zumuntar mata tana dube-dube, waƙar da ita ta koya wa rabinsu. Ranar da ta ɗora mai a wuta ta tafi ta zauna tana tsefe kai, ranar aka ɗauke kaskon suya. Likita ya ce ciwon tsufa ne na ƙwaƙwalwa, ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya ce a samar mata natsuwa. Baba Zamani ya riƙe wannan kalma gam, kuma a kunnensa natsuwa ba ta da wata ma'ana sai shiru.

Abin mamaki, ba ta daina fita ba. Injin na tashi za ta tashi, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki bokitin nan shuɗi ba komai a ciki, ta shiga lungunan Barkin Sale tana gaisawa da mutanen da suka mutu da waɗanda ke raye. Bayan wani lokaci sai ga ta ta dawo da ƙafarta, ba wanda ya rako ta. Maƙwabta suna cewa ikon Allah, ta manta sunan jikokinta amma ba ta manta hanyar gida ba. Shi ma haka ya ɗauka.

Abin da ke ci masa rai shi ne yadda take tsayawa jikin katangar yamma in injin na aiki, ta karkata kai, leɓɓanta na motsi. Yana kallonta zuciyarsa na ƙuna. A ganinsa ƙarar ce ke yamutsa mata ɗan abin da ya rage. Don akwai ranakun da takan dube shi ta ce, "Malam, wurin wa ka zo?" Wannan tambaya ita ce abin da yake tsoro a duniya. Yana tsoron ranar da za ta yi masa ita, daga nan kuma ba za ta sake gane shi ba har abada.

Wata Litinin ya goge takalminsa ya tafi tsohon ofishinsu. Josiah, yaron da shi ya koya wa riƙe buroshi, yanzu shi ne babba a sashen, da tumbinsa da kwamfuta. Launukan ma yanzu da yatsa ake zuba su, abin da Baba Zamani bai taɓa yafewa ba.

Josiah ya saurare shi har ƙarshe, ya sosa ƙeya.

"Oga, gaskiyarka ce, doka na bayanka. Amma ka san irin injin nan sun cika unguwanni, muna kau da kai ne kawai. In muka taɓa wannan, ba mai mayarwa fa."

"Wa ya ce a mayar? Ba cewa na yi a rushe masa ba. A ba shi wuri inda ya dace da shi. Matata ba ta da lafiya, Josiah."

Da ya ambaci Liyatu, Josiah bai ƙara musu ba, ya ci ƙosanta da yawa a zamanin yana ƙaramin ma'aikaci. Kafin damina ta yi nisa aka samar wa Ndakotsu rumfa can ƙetaren layin dogo, cikin masu walda da makanikai, shunayya ta gaske.

Ranar tashi, Ndakotsu ya ɗaure injinsa a bayan a-kori-kura, sannan ya zo ƙofar gida ya rusuna. Shi ma furfura ta kama shi, ko da yake ba a rabe ta da gari a kansa.

"Baba, da ka gaya mini da bakinka," ya ce a hankali. "Ni da kai ai ba sai da takarda ba."

"Ba ni ba ne, Ndakotsu, tsari ne."

"To. A gaishe mini da Mama."

Ya tafi bai waiwayo ba. Baba Zamani ya bi shi da kallo, ya gaya wa kansa cewa haka gyara yake. Mai filin kuwa kamar jira yake, ba a yi mako biyu ba ya rushe rumfar ya fara ɗora bulon ɗakunan haya.

Safiyar farko ta shiru, Baba Zamani ya farka ya rasa inda yake. Ya ji kukan kurciya. Ya ji ɗigon ruwan daren jiya yana sauka daga ganyen mangwaro ɗaya bayan ɗaya, ya ji wata mata can nesa tana shara. Ashe duk waɗannan suna nan tun da. Ya kwanta yana murmushi, kamar garin mafarkinsa ne ya sauko ya zauna a Barkin Sale. Ya juya don ya ce wa Liyatu ta saurara.

Idonta biyu, tana kallon rufi. Ba ta tashi ba sai da rana ta take. Da ta tashi ba ta nemi ɗankwali ba, sai ta shiga bin ɗakuna tana leƙa bayan ƙofofi, tana taɓa bango da tafin hannu, musamman bangon yamma.

"Me kike nema, Maman Rachael?"

Ta dube shi da ladabi irin na baƙuwa.

"Malam, yaushe za a mai da ni gida?"

Ya nuna mata hoton aurensu. Ya kai ta kicin ya nuna mata tukwanenta, da turmin da mahaifiyarta ta ba ta. Ta duba komai ta yaba.

"Gidanku da kyau, na gode da karɓa. Amma na bar wake a jiƙe, zai lalace."

Ya ce a ransa sabo ne, za ta saba. Makonni suka wuce ba ta saba ba. Sau biyu ta fita ta kasa dawowa, sau ɗaya wani ɗan acaɓa ya tsince ta tsaye a lungun bayansu, ƙofar gidanta na kallonta amma ba ta gane ta ba. Tun daga ranar da injin ya bar unguwar ba ta sake kiransa Baban Rachael ba, ko sau ɗaya. Ya sayo kwaɗo ya fara kulle get. Rachael ta kira daga Kaduna tana kuka, ya ce mata ciwon ne ke ci gaba, haka likita ya faɗa. Shi kansa ya yarda da hakan, don wani bayanin bai zo masa ba.

Ranar wata Alhamis aka yi ruwa tun hantsi, ya ɗauke bayan azahar, gari ya yi luf da sanyi. Ya buɗe wa mai kawo ruwan sha get, ya dawo kujerarsa, barci ya ɗauke shi zuwa sama kamar kullum. Launukan sun wanku, suna ta ƙyalli. Sai ya hango wani ɗan ɗigo shuɗi yana tafiya a cikin rawaya. Ɗigon ya yi gabas, rawaya ce. Ya juya kudu, rawaya ce. Duk inda ya nufa launin iri ɗaya ne, sumul, ba ƙofa ba taga, aikin hannunsa ne da bai taɓa zarce layi ba. Ya buɗe baki zai kira ɗigon ya nuna masa hanya, sai ya ga shi ma daga saman bai san ina ne gidan ba.

Ya farka a firgice. Get a buɗe, kwaɗon na lilo da makulli a jiki. Bokitin shuɗi ba ya bayan ƙofa.

Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya fita da silifas wari da wari. Matan zumunta suka bazu lungu-lungu, 'yan acaɓa suka yi ta kai labari junansu. Wani mai shago ya ce ya ga wata tsohuwa da bokiti ta nufi babban titi, inda tireloli ke wucewa ba birki. Baba Zamani ya tare keke, ya ce wa direban ya yi ta tafiya kawai. Ga mutumin da ya san Minna kamar tafin hannunsa, amma daga sama ya san ta, yau kuwa a ƙasa yake, cikin taɓo da hon da masu tallar masara, kowane lungu kama da ɗan'uwansa. Ya yi ta addu'a a fili, yana cewa Ubangiji ka ji tausayina, direban na amsa masa da amin.

A bakin layin dogo taɓo ya hana keken wucewa. Ya sauka ya tsaya da sandarsa, bai san ina zai sa gaba ba. Rana ta fara karkata, hasken ya yi ja-ja a kan ruwan da ya kwanta tsakanin ƙarafan dogo. Iska mai ɗanshi ta taso daga ƙetare, ta kawo ƙamshin ƙasa da warin baƙin mai. A cikinta kuma, can ƙasa-ƙasa, akwai wani abu.

Ƙwan, ƙwan-ƙwan.

Kafin kansa ya yi tunani, ƙafafunsa sun juya. Ya ji kafaɗunsa sun saki, kamar yadda suke saki a da in ya sauko daga motar ofis da yamma, ya shigo unguwa ya jiyo ƙarar nan tun daga bakin titi, ya san cewa ya iso, akwai ruwan wanka da tuwo da Liyatu. Shekara nawa yana bin ƙarar nan zuwa gida yana zaginta? Ya tsaya cak a tsakiyar dogo, ya gane abin da ya yi. Ba hanya Liyatu ta riƙe ba duk wannan lokacin. Ƙarar take bi.

Ya tsallaka, ya ratsa tsakanin masu walda da tartsatsinsu, da gawarwakin motoci, har bakin rumfar.

Tana zaune a kan benci, bokitin a cinyarta, ƙafafunta duk taɓo, gari ya yi mata fari a gira. Tana ta tsara layin mata da hannu, wannan ta riga waccan zuwa, mai jiƙaƙƙe ta bari mai busasshe ta gama. Matan na biye mata suna dariya. Fuskarta a sake take, irin yadda bai gan ta ba tun kafin damina.

Ndakotsu ya hango shi, ya matso yana ɗaga murya saboda ƙarar.

"Baba, na aika gida ba a same ka ba. Tun ɗazu ta zo. Na ba ta ruwa, ta ce in gyara bel ɗin injina yana santsi."

Baba Zamani ya matsa kusa da bencin. Liyatu ta ɗago kai ta gan shi, ta haɗe rai irin haɗewar da ya sani tun suna amarci.

"Baban Rachael, ina ka shige tun safe? Ka bar ni a gida ni kaɗai. Dubi takalminka ma, wari da wari, sai ka ce ba ka da mata."

Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba. Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, kuma ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

"Na ɓata ne, Maman Rachael."

"Da girmanka? Zauna to. Bari a gama da waɗannan in niƙa nawa, in soya maka."

Ta matsa masa a bencin, ya zauna. Ƙarar na shiga masa har haƙora, bencin na rawa, hayaƙin injin na bin hancinsa. Ta ɗora hannu a gwiwarsa tana ba shi labarin Rachael da ta ƙi shan koko da safe, da kuɗin makarantar da ya kamata ya tuna, da wata a zumunta da ba ta iya ɗaukar waƙa ba amma ta fi kowa murya. Yana ta cewa haka ne. A ransa yana jin muryar Josiah, ba mai mayarwa fa, yana kuma ganin bulon ɗakunan haya da ya riga ya kai taga.

Layin ya yi ta raguwa. Mace ta ƙarshe ta ɗauki ƙullunta ta aza a ka. Ndakotsu ya miƙa hannu ya kashe injin, rurin ya yi ƙasa, ya yi tari, ya mutu. Masu walda ma sun fara rufewa. Shiru ya sauko a wurin, mai kyau, da kukan kwaɗi daga kududdufin dogo.

Maganar Liyatu ta tsaya a tsakiya. Ta dubi rumfar, ta dubi gawarwakin motocin, ta dubi hannunta a kan gwiwar wani tsoho. A hankali ta janye hannun, ta gyara zama, ta rungume bokitinta.

"Malam," ta ce, "ko ka san..."

"Ndakotsu," in ji Baba Zamani. "Don Allah tayar da shi."

"Baba, ba sauran abin niƙa. In ya yi gudu ba komai, farantin niƙan zai cinye kansa."

Baba Zamani ya dube shi kawai. Ba shi da doka, ba shi da taswira, ba shi da bakin roƙon mutumin da ya kora. Ndakotsu ya dubi Liyatu. Sai ya shiga ƙuryar rumfar, ya kwance bakin buhun masarar da ya saya wa iyalinsa, ya cika kwano ya juye a injin, ya naɗe igiya ya ja.

Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ƙwan, ƙwan-ƙwan.

Baba Zamani bai kalli injin ba, fuskarta yake kallo, yana jira.